Tirelar Osvaldo da Katakon da Ya Sha Kakin Zuma

Duk wanda ya shiga shagon gahawa na Castelbrugna ya ambaci sunana, kafin ya rufe baki wani zai tambaye shi ko Osvaldo Mai Kaki yake nufi, sai a kwashe da dariya. To tunda labarin ya zama na kowa, kuma kowa yana zuba masa gishiri son ransa, gara ku ji shi daga bakin mai shi. Ni ba maƙaryaci ba ne. Matsalata ɗaya ce, in na fara ba da labarin kaina nakan manta inda birki yake.

Surukina Baba Ermes yana da wata jar motar tsere tun ta zamanin samartakarsa, mai kujera ɗaya, ba rufi, ba makulli, sai an tura take tashi. Ya fi kula da ita fiye da yadda yake kula da haƙoransa. Kowace shekara da kaka, ranar tseren hawan dutse, ana kai tsofaffin motoci dandalin gari can saman dutse tun da safe. Fada Celso ya sa musu albarka a ƙofar coci, alƙalan gasa su zagaya su duba, sannan a gangara a hankali zuwa gindin dutse inda ake fara tseren. Motar da albarka ta wuce ta, ko ta wane ce, ba ta shiga layi.

A wannan shekarar likita ya ce zuciyar Baba ta gaji. Matata Nives, wadda ita kaɗai ya haifa, ta yanke hukunci a kan teburin cin abinci: zai hau motar sau ɗaya tak, a can ƙarshen jerin gwano, da tafiyar da ba ta fi ta mai keke ba, kuma daga wannan ya yi sallama da ita. Tsohon ya ajiye cokalinsa. Ya ture farantinsa gefe ya tashi ya shiga gareji, muka ji ya ja ƙofa. Abin ya ci masa rai, ni ma kuma wallahi na ji tausayinsa.

Shekara da shekaru maƙwabcinmu Tullio ne ke ɗaukar masa motar a wata 'yar tirela mai taya biyu da yake ja da tsohuwar motarsa. Tullio abokin karta ne, kuma tun muna yara bai taɓa ganin na yi wani abu daidai ba. Washegari a shagon gahawa na tashi tsaye na ce abin kunya ne ga garin nan a ce gwarzo kamar Ermes zai je hawansa na ƙarshe a abin da ake ɗibar ciyawa da shi. Na ce ni Osvaldo zan kai shi a babbar tirela mai bene, irin wadda manyan ƙungiyoyin tsere ke yawo da ita a da, kuma kofin da ake ba motar ɗauka mafi kyau, a fara share masa wuri a falona.

Tullio ya ajiye kartarsa ya ce, "Ina tirelar take, ranka ya daɗe?"

Na ce masa tana nan.

Tana nan ɗin kuwa, a bayan gonar wata gwauruwa mai suna Gelsomina, kaji suna kwana a cikinta tun kafin in yi aure. Na je na same ta da hula a hannu. Ta ce in na gina wa kajin wani akurki in ɗauka, dama ta tsone mata ido. Na gina akurkin da hannuna. Ya karkace kaɗan, amma kaji ba su kai ƙara ba. Da aka janyo tirelar da tarakta ta tsakiyar unguwa, mata suka rufe tagogi saboda wari, karnuka suka bi mu har ƙofar sitona.

Nives ta fito ta tsaya, hannu a ƙugu. Ta zagaya motar sau ɗaya, ta toshe hanci da gefen rigarta, sannan ta dube ni.

"Osvaldo, saurara da kyau. In na ga ƙwarzane ɗaya a jikin motar ubana, ko a jikin ubana, to ka kwashi kayanka ka koma cikin wannan abin da zama. Ga wurin kaji nan a buɗe."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, a hannun gwani take.

Duk lokacin zafin nan a cikin sito na ƙare shi. Na wanke, na kankare, na shafa jan fenti har sai da ya zama in ka duba jikinta za ka iya gyara gashin bakinka. Makanike ya tayar da injin bayan ya ciro sheƙar ɓera a ciki. A can sama na kafa wani dogon allo na rubuta da manyan baƙaƙe: ƘUNGIYAR TSERE TA OSVALDO. Gaskiya ne ban taɓa yin tsere ba ko a kan jaki, amma allon ya yi kyau.

Sai da na zo fitar da ita na gano allon ya fi ƙofar sito tsawo. Maƙwabta suka taru, kowa da shawararsa. Tullio ya ce ai abu mai sauƙi ne, a cire allon, tunda ƙungiyar ma babu ita. Na ce ko sama da ƙasa za su haɗe allon nan ba ya sauka. Na ɗauko guduma na hau tsani na fasa saman ƙofar. Bulo uku na yi niyyar cirewa, amma bangon yana da nasa ra'ayin, rabin goshin siton ya biyo ni ƙasa. Na fito daga cikin ƙura fari fat ina tari, na ce dama na daɗe ina son in faɗaɗa ƙofar. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko ɗakin kwana ma zan faɗaɗa, ta gaya wa Nives ta kwashe kwanukanta.

Yanzu ga inda maganar take. Irin wannan tirela tana da dogayen katakai biyu da ake jinginawa a baya, mota ta taka su ta hau bene, ana janta da igiyar ƙarfe da ake naɗewa da hannu. Da na duba katakan nan sai na tarar da su baƙi ƙirin, da kaushi, yashi ya manne a cikin tsohon fentin. Na ce kai, ƙazantar kaji ta kai har nan. Ban tsaya na tambayi kowa dalilin da ya sa magabata suka zuba yashi a fenti ba. Na goge su tas har itacen ya fito fes, sannan na saci gwangwanin kakin zuman da Nives ke goge teburin falo da shi, na shafa, na goga, na sake shafawa. Ƙuda ya sauka a kai, na gan shi da idona ya zame.

Ana gobe tsere muka ɗora motar. Na maƙala mata tsohuwar ƙugiyar ƙarfe, na fara juya hannun igiya, sai ga ta tana hawa sumul, ko gumi ban yi ba. Na juya na ce wa jama'a su shaida, wannan shi ake kira aikin ilimi. Baba Ermes ya matso a hankali, ya shafa katakon da yatsa, ya kai hanci ya shinshina. Ya dube ni, ya dubi motarsa a can sama.

"Ya yi kyau, ɗana," in ji shi. "Kada ka taɓa komai."

Tunda na auri 'yarsa bai taɓa yaba mini ba sai ranar. Na kusa yin hawaye.

Da safe na sa fararen kayan aiki sababbi fil da sabuwar hula. Baba ya zauna kusa da ni, hularsa ta fata da tabaran tsere a kan cinya. Nives ta ƙi shiga. Ta bi mu a motar Tullio, wanda ya janyo 'yar tirelarsa ba komai a ciki, wai ko da za a buƙata. Na ce masa ya taho, ai sarki ma yana son 'yan rakiya.

Hawan dutse ya tona mana asiri. Tirelar ta fara nishi tun a kwanar farko. Da injin ya ɗumama sai warin kaji na shekara da shekaru ya farka daga barci ya cika mana wuri, gashin kaji ya riƙa fitowa ta ramukan iska yana manne mini a gashin baki. Motoci suka yi layi a bayanmu suna ta hon. Wasu dattawa masu kekuna suka wuce mu suna hira, ɗayansu ya ɗaga hula ya tambaya ko za mu ba shi saƙo zuwa sama. Na leƙa ta taga na gaya masa cewa babbar mota ba ta gaggawa.

Ban rufe baki ba tururi ya turnuƙe gabanmu. Injin ya tafasa. Daidai lokacin kuma ƙararrawar coci ta fara bugawa a sama, alamar Fada ya fito. Na dubi Baba, na ga ya damƙe hular fatarsa da hannu biyu yana kallon hasumiya. Na san in albarka ta wuce mu, ni ne na cinye masa ranarsa ta ƙarshe da bakina. Babu bokiti, domin na cire shi don yana ɓata kyan mota. Akwai kwamin shayar da shanu a gefen hanya, sai na cire sabuwar hulata na yi ta jigilar ruwa da ita, rabi a inji rabi a wandona. Tullio ya tsaya a baya ya jingina da motarsa, ya ce in na gaji akwai wata 'yar tirelar ɗibar ciyawa a nan. Nives ko kallona ba ta yi ba.

Muka shiga dandali Fada Celso yana rufe littafinsa. Na danna hon, wanda kukansa ya fito kamar na tsohon zakara, kowa ya waiwayo. Bawan Allah ya dawo, ya ɗaga kai ya ga motar can a bene, ya yi ɗage ya watsa ruwan albarka sama iya ƙarfinsa. Yawancin ruwan a kaina ya sauka, amma ya ce ya wadatar.

Da na ga mun tsira sai girman kaina ya dawo da ƙarfinsa. Na juya tirelar yadda goshinta da allona za su fuskanci teburin alƙalai, wanda hakan ya sa bayanta ya fuskanci hanyar da ke gangarawa gindin dutse. Tullio ya ce mini ba a sauke mota ta bakin gangara. Na ce masa ba a kuma nuna wa alƙalai ɗuwawu. Sannan na lura da tsohuwar ƙugiyar nan, baƙa, mai tsatsa, tana rataye a tsakiyar wannan kyau kamar ruɓaɓɓen haƙori. Na ruga shagon mahauci na aro wata ƙugiyar tagulla mai walƙiya da yake rataya cinyar nama da ita a taga don ado. Na musanya su, da niyyar in mayar da ta ƙarfen kafin a sauke mota.

To amma alƙalai suka iso, su uku, babbansu wani dogo mai gemu ya tsaya yana yaba ƙugiyar. Ya ce a sauke motar su ga yadda abin ke aiki. 'Yan badujala sun jeru, jama'a sun cika dandali maƙil. Ku gaya mini, a gaban wannan taro zan zaro baƙar ƙugiya daga aljihu? Na ce a raina abin da ya riƙe cinyar sa ai zai riƙe 'yar mota.

Baba Ermes ya hau tsani da kansa, ya ƙi a riƙe shi. Ya shige kujerarsa don ya riƙe sitiyari, ya ɗaure hula, ya sauke tabarau. Na kwance ɗaurin tayoyi. Na yi wa jama'a ɗan jawabi a kan yadda aiki ke bambanta tsakanin gwani da ɗan koyo, ina kallon Tullio. Sannan na fara sakin igiya.

Tayoyin baya suna taka kaki, nauyin motar gaba ɗaya ya koma kan ƙugiyar. Ina kallo tagullar ta buɗe baki a hankali kamar mai hamma. Na ga Baba ya taka birki, tayoyi suka tsaya cik, amma motar ba ta tsaya ba. Ta zame da baya, shuuu, ta dira a kan duwatsun dandali, ta nufi gangara. Na yi tsalle zan kamo ta, na manta abin da na shafa da hannuna. Ƙafafuna suka yi sama. Na bi bayan motar a kan ɗuwawuna tun daga bene har ƙasa, na shige tsakiyar 'yan badujala, kaina ya huda babbar ganga.

Da na zaro kai, abin da na gani shi ne jar motar tana gudu da baya, mutane suna tarwatsewa, tsohon ya juya wuya yana duban hanya ta kan kafaɗarsa. A inda hanya ta ɗan yi faɗi kafin kwana ya murɗe sitiyari, motar ta juya a wuri ɗaya tana ƙara, hancinta ya koma ƙasa. Ya jefa giya. Injin ya yi tari sau biyu ya kama da wani irin ruri da ya girgiza tagogin coci, sai ƙura.

Dandali ya yi tsit. Nives ta zo ta tsaya a kaina, fuskarta ba jini, ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Muna jin kukan injin yana sauka kwana bayan kwana, yana raguwa, har ya ɓace. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ce shi ke nan, na kashe uban matata saboda kofin gwangwani. Likita ya ɗauki jakarsa ya fara neman wanda zai kai shi ƙasa. Fada Celso ya sake buɗe littafinsa.

Can sai wani ya ɗaga hannu ya ce a saurara. Kukan ya dawo, daga ƙasa, yana tahowa. Kuma ba tafiyar mai keke ba ce. Muna ji yana sauya giya a kowace kwana, tsofaffin da suka san shi tun yana saurayi suka fara kiran sunayen kwanonin ɗaya bayan ɗaya. Jar motar ta faso dandali, ta ja birki daidai ƙofar coci, ta tsaya cak. Baba Ermes ya ɗaga tabarau, fuskarsa baƙa da hayaƙi, yana dariya da duk haƙoran da suka rage masa. Jama'a suka ɓarke da sowa, 'yan badujala suka busa ba ganga.

Likita ya kama hannunsa yana duban agogo, ya girgiza kai ya ce bai gane ba. Nives ta rungume ubanta tana kuka, sannan ta ture shi.

"Baba, me ya hana ka taka birki da ka sauka ƙasa?"

"Kakin mijinki ya shafe tayoyin, 'yata. Na taka har ƙafata ta yi ciwo."

"To dawowar fa? Wa ya ce ka hawo da wannan gudu?"

"Sauri nake in zo in kwantar miki da hankali."

Duk idanun garin suka juyo kaina. Ina zaune a ƙasa, fatar ganga a wuya, gashin kaza a gashin baki, bayan farin wandona ya tafi gaba ɗaya. Mahauci ya zo yana juya ƙugiyarsa da ta miƙe. Mai ganga yana tambayar wa zai ɗinke masa. Alƙali mai gemu ya shafa katakon da yatsa, ya tambaye ni cikin ladabi ko na taɓa tunanin buɗe shagon kayan ɗaki. Kofin kuwa Tullio aka ba, shi da 'yar tirelarsa da ba ta ɗauko komai ba. Ya zo ya nuna mini, ya ce in ina so zai kawo mini in goge masa, tunda ina da hannu.

Nives ta duba motar tun daga hanci har wutsiya, ba ƙwarzane. Ta duba ubanta, ba ƙwarzane. Na ce mata to ai ke nan ban karya sharaɗi ba. Ta ce ƙwarzanen yana zuciyarta, ta miƙo mini bargo.

Ina zaune a cikin tirela washegari da la'asar, ni da warin kaji, sai na ji ana buga ƙofa da sanda. Baba Ermes ne, da burodi da cuku a ƙunshe. Ya hau da ƙyar ya zauna, ya yanka ya ba ni, muka ci. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

Ya ce tun ranar da ya shinshina katakon ya san igiya ce kaɗai za ta riƙe motar, da ya ga na sa ƙugiyar mahauci kuma sai ya gode wa Allah da ya ba shi suruki irina. Ya ce birkinsa lafiya lau yake, da ya so da ya tsaya tun kafin ya kai bakin dandali. Ya ce duk garin nan ya rasa mai hankalin da zai buɗe masa hanya, sai ni.

Na ce to Baba ka gaya wa Nives mana, ko na koma ɗakina. Ya ce shi tsoho ne mai ciwon zuciya, ba zai iya da faɗanta ba, ni kuwa na saba.

Ya sauka yana dogara sanda. Ya ɗan yi gaba, sai ya dawo ya tsaya a bayan tirelar, ya daɗe yana kallon allona da katakan nan biyu da har yanzu suke walƙiya a rana.

"Osvaldo, ranar da na mutu, ban yarda Tullio ya ɗauke ni ba. Kai za ka kai ni makabarta, a cikin wannan, a can bene."

Na ce masa in Allah ya yarda ranar tana da nisa.

"Amma ka kankare kakin nan tukuna," in ji shi. "Ba na son in riga 'yan rakiya isa kabari."